Ra'ayinmu: Kowa Ya Koyar Da Aƙidarsa, Gwamnati Ta Tsaya A Tsakiya

A tsakiyar shekarar 2017 ƙura ta tashi a Abuja kan manhajar makarantun firamare da ƙaramar sakandare. Hukumar tsara manhaja ta NERDC, mai hedikwata a Sheda, ta riga ta rage yawan darussa, ta haɗa ilimin addinin Kirista da na Musulunci da ilimin zamantakewa da na zama ɗan ƙasa nagari da na tsaro a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna addini da kyawawan ɗabi'un ƙasa. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ƙarƙashin Rabaran Samson Ayokunle, ta ce ba ta yarda ba, har ta kai kuka fadar shugaban ƙasa lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo ke riƙon ƙwarya. Majalisar Wakilai ta sa baki, a watan Yuli kuma Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da umarnin a raba darussan addinin, kowane ya tsaya da ƙafarsa.

An kashe waccan wutar, amma tambayar da ta haddasa ta ba ta mutu ba. Har gobe ana jin ta a wa'azin Lahadi daga Kubwa zuwa Nyanya: shin Kirista zai ci gaba da cewa hanyarsa ce gaskiya, ko kuwa zaman lafiya na bukatar ya sassauta, ya yarda cewa duk addinai hanya ɗaya suka nufa? Can gefe kuma ga masu cewa a bar addini a gida, hankalin ɗan Adam ya isa ya gina ɗabi'a.

Masu wannan ra'ayi ba mahaukata ba ne. Sun ga Kaduna a 2000, sun ga Jos a 2001, sun ga bam ɗin cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011, a bakin ƙofar Abuja. Suna cewa yaron da ake raba shi da abokinsa duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawar darasin addini, wannan ya yi ajin hagu wancan ya yi na dama, tun yana ɗan shekara bakwai ake koya masa "mu" da "su". Suna kuma tunatar da mu cewa makarantar gwamnati da harajin kowa aka gina ta, kuma sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata.

Duk da haka, a kan ainihin maganar, muna ganin shugabannin Kirista sun fi gaskiya. Kirista ya yi imani cewa an gicciye Yesu kuma ya tashi daga matattu. Musulmi ya yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba, ba a kuma gicciye shi ba. Babu kwamitin manhajar da zai sasanta waɗannan maganganu biyu sai ya zubar da ɗaya ko ya zubar da duka. Wanda ya ce duk ɗaya ne bai girmama kowa ba, ya dai ƙirƙiro aƙida ta uku ya ɗora wa yaran mutane. Shi ya sa iyaye Musulmi da yawa ma ba su yi maraba da haɗin ba. Sashe na 38 kuwa a fili yake: ba a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba.

Kuma riƙo da aƙida bai taɓa hana zaman lafiya ba. Kadinal John Onaiyekan ya yi shekaru yana shugabancin cocin Katolika na Abuja, ya zauna teburi ɗaya da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar a majalisar tuntuɓar addinai ta NIREC, babu wanda ya nemi ɗan'uwansa ya rage ko harafi daga abin da ya yi imani da shi. Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa suna hango juna a tsakiyar birnin, kowa da ƙofarsa da ranar cikarsa.

Inda muka saɓa da wasu masu kare Kiristanci shi ne hanyar da suka bi. A 2017 an yaɗa cewa an soke darasin Kirista an bar na Musulunci, wai makircin musuluntar da ƙasa ne. Ba haka ba ne. An fara aiki da manhajar tun 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, kuma addinan biyu duk haɗin ya shafa. Wanda ke da hujja mai ƙarfi ba ya bukatar jita-jita.

Akwai kuma ɗabi'ar aro faɗan wasu. A Ingila da Wales ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kirista sun gaza rabin jama'a, don haka limamin cocin can yana da dalilin kwana da fargabar zamani marar addini. A nan fa? Marasa addini tsiraru ne ƙwarai, kuma shugaban ƙungiyarsu na lokacin, Mubarak Bala, kama shi aka yi a 2020 kan wasu kalamansa game da addini, wata kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin. Ba mu tare da kalamansa, amma ba marasa addini ne ke kwashe matasa daga coci ko masallaci ba. Mai sayar da mu'ujiza a kan mumbari, da ɗan siyasar da ke tuna Allah sai lokacin zaɓe, sun fi su ɓarna nesa ba kusa ba. Ita kuwa Eunice Olawale, da aka kashe a Kubwa a Yulin 2016 tana wa'azin asuba, ba gardamar falsafa ce ta kashe ta ba.

Matsayinmu shi ne darasin Kirista da na Musulunci su ci gaba da zama dabam, kowane a hannun malamin da ya san shi kuma ya yi imani da shi, darasin zama ɗan ƙasa kuma ya haɗa yara duka a aji ɗaya. Coci ta kare aƙidarta da wa'azi da rubutu da halin kirki, kada ta nemi sandar gwamnati, domin sashe na 38 da ya ba ta damar yaɗa bishara shi ne ya kare liman, ya kuma kare wanda ya ce bai gamsu ba. Hukumomin birnin tarayya su kuma su fara da abin da ke hannunsu: a 2025 malaman firamaren Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, kuma a duk tsawon lokacin babu yaron firamaren gwamnati da aka koya wa addini ko ɗabi'a, a haɗe ko a rabe.