A Tara Kuɗin Magani Tun Kafin Na Likkafani

Babu zangon Hausawa a Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da na Shagamu, har Anaca da Fatakwal, inda ba a san wannan al'ada ba: idan ciwo ya kwantar da ɗan'uwa har aka fara fid da rai, sai liman ya yi sanarwa bayan Magariba, a shimfiɗa buzu a ƙofar masallaci, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, kafin Lisha an haɗa kuɗin motar da za ta kai shi gida. In kuwa rai ya yi halinsa, kuɗin likkafani da na haƙa kabari ba su taɓa gagarar jama'a ba. Wannan hali ne abin yabo, kuma shi ya riƙe baƙon Arewa a bakin teku shekara da shekaru. Amma fa akwai cutar da irin wannan gudummawa ba ta tsinana mata komai, domin kafin a shimfiɗa buzun ta riga ta gama ɓarnarta. Ita ce ciwon sukari.

Asalin cutar shi ne, akwai wata gaɓa a bayan tumbin ɗan Adam da ke fitar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin abinci daga jini zuwa tsoka domin ya zama ƙarfi. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini, ya yi ta cin jijiyoyi a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Daga nan ne makanta ke zuwa, da ciwon ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki, da gyambon da ba ya warkewa. A ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kimanin miliyan 3.6 kuma a Nijeriya. Abin da ya fi tayar da hankali a ƙididdigar shi ne, fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su ma san suna da ita ba. Mutum yana fama da ƙishirwa, yana tashi fitsari sau biyar cikin dare, yana ramewa alhali yana ci, sai ya ce zafin gari ne, ko shawara, ko kuwa sammu aka yi masa a wurin aiki.

Duk wanda ya dubi yadda ɗan ci-rani ke cin abinci a Kurmi ba zai yi mamaki ba. A gida akwai tuwon dawa da miyar kuka, akwai dambu da zogale da rama, akwai kuma gona da ke tatse gumin mutum. A nan kuwa, maigadi ko ɗan canji ko direban tirelar da ke kwana a layi a Apapa, kalacinsa shayi ne mai kaurin madara da sukari cokali huɗu, da rabin burodin Agege. Da rana teba ko shinkafa tuli guda da ɗan romo a kai, a kora da lemon kwalba. Da dare taliya da ƙwai wurin mai shayi. Kwalbar lemo babba guda ɗaya takan ɗauki sukari fiye da cokalin shayi goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa kada abin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin cokali goma sha biyu. Ba laifin kowa ba ne. Wanda ba shi da murhu ba shi da zaɓi. Sai dai Kurmi ba ta rasa abincin kirki ba. Wake yana ko'ina, haka kuɓewa da lalo da ugu da shuwaka da kifi, kuma sun fi araha a kan abin da za a biya a asibiti. Abin da ake bukata shi ne a rage tudun teba a ƙara miya, a kuma sami mai abinci ɗaya a unguwa da ta san masu ciwon ta riƙa yi musu nasu. Masu zuwa dubiya su ma su yi hattara: kai wa mai ciwon sukari katan ɗin lemo da madarar gwangwani ba zumunci ba ne. Zuma da dabino abinci ne masu albarka, amma su ma suna ɗaga sukari, sai da ƙima.

Babbar matsala ta biyu ita ce ɓoyo. Da yawa daga masu ciwon ba sa son a sani. Direba na tsoron a karɓe makulli, maigadi na tsoron a sallame shi, magidanci kuma na tsoron a ce ya zama ragon maza, domin cutar takan taɓa ƙarfin namiji idan ta daɗe ba a kula da ita ba. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Mai shan ƙwaya irin su glibenclamide ko mai allurar insulin, idan ya sha magani bai ci abinci ba, ko ya yi aikin ƙarfi fiye da yadda ya saba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Sai gumi ya karyo masa, jiki ya ɗauki rawa, magana ta sarƙe, ya yi ta tangaɗi. Wanda bai san halinsa ba sai ya ce ya sha wani abu ne, ko iska ta buge shi, a tsaya ana masa tofi da hayaƙi har ya suma. Alhali kuwa maganin abin yana cikin aljihun kowane mai shayi: ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko rabin kofin lemo, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sa'an nan ya ci abinci. Idan ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Wannan ilmi bai fi a koyar da shi cikin minti biyar bayan sallar Juma'a ba, amma ba zai yi amfani ba sai abokin ɗaki da abokin sana'a sun san wane ne mai ciwon.

Sai batun ƙafa, wanda ya cancanci a daɗe a kansa, domin ɗan ci-rani da ƙafarsa yake ci. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai tura baro, da mai tallan goro, da mahauci, duk ranar da aka yanke wa ɗayansu ƙafa, an yanke abincin gida guda a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. Ciwon sukari yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ya yini da tsakuwa a takalmi bai sani ba. Ƙaramin rauni sai ya ruɓe, musamman da damina, lokacin da ruwan kwata ke malala a titunan Ikko. Musulmi yana da wata dama da likitoci ke roƙon marasa lafiya su samu: yana wanke ƙafarsa sau biyar a yini. Abin da ya rage shi ne ya duba ta yayin alwala, tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, ya kuma tsane ta sarai, kada ya bar danshi. Wanda idonsa ya raunana, na kusa da shi a sahu ya duba masa. Kada ya yi tafiya ba takalmi, kada ya gasa ƙafa da ruwan zafi. Masu yankan farce da wanzamai, waɗanda yawancinsu 'yan gida ne, su sani cewa ƙafar mai ciwon sukari ba wurin gwada kaifin aska ba ce. A yanke farce a miƙe, ba a ƙwaƙule gefe, ba a fere kanta, ba a tsaga. Rauni kuwa, komai ƙanƙantarsa, idan ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, na asibiti ne.

Amma duk wannan nasiha ce, nasiha kuwa ba ta sayen magani. Ciwon sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha ƙwaya kwana uku a huta. Abokin zama ne har ƙarshen rai, kuma kowane wata yana da kuɗinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar Naira a 2023, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, insulin kuwa daga waje ake kawo shi, kuma kamfanoni uku ne kacal ke riƙe da kusan dukkan kasuwarsa a duniya. Abin takaici ne in aka tuna cewa masanan da suka gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921 sun sallama wa jami'arsu haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu, domin kada talaka ya rasa. Yau talaka yakan raba ƙwaya biyu, ko ya tsallake allurar yamma, ko ya bar asibiti ɗungurungum ya koma wa mai lasifika a tasha, wanda ke sayar da jarka guda da ya ce tana maganin sukari da basir da sanyi da hawan jini gaba ɗaya. Har yau ba a sami saiwa ko ɓawon da ke tumɓuke wannan cuta ba, kuma wanda ya ce yana da shi, aljihu yake nema.

Mafita tana cikin abin da zango ya riga ya iya. Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, tsarin maigida da baƙinsa ne ya riƙe cinikin shanu da goro: maigida ya saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa, ya ajiye masa dukiya. Adashi kuwa babu kasuwar da ba a yin sa. Abin da wannan shafi ke kira a kai shi ne a juya wannan ƙwarewa zuwa ga magani. Masu ciwon sukari na kowace unguwa su haɗa kansu, su zuba adashi na wata-wata wanda ba a kwasa domin biki, sai domin ƙwaya da allura da kuɗin ganin likita. Su sayi magani a dunƙule daga kantin da ke da rajista, su duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Su sayi na'urar awon sukari guda ta zauna a hannun amintacce, a riƙa awo da safe kafin a ci komai, a rubuta a littafi, a kai wa likita. Na'ura ana iya tarayya a kanta, amma tsinken huda yatsa da allura ba a tarayya ko da da ɗan'uwa ciki ɗaya, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Duk wanda awonsa na safe ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, a raka shi asibiti a tabbatar. Rakiyar kanta taimako ce babba, domin dattijon da ba ya jin Turanci ko Yarbanci yakan fito daga gaban likita a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Badun bai fahimci ko kalma ɗaya ba, ya ji kunyar tambaya. Attajiran zango da 'yan canji da dillalan shanu kuwa, mai ciwon da ya kasa sayen allurarsa yana cikin waɗanda suka cancanci zakka, kuma ya fi bukatarta yau a kan gobe.

Ajiyar insulin takan dami wanda ba shi da firji, ko wanda wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, amma ba wurin ƙanƙara ba, domin in ta daskare ta lalace; mai shagon da ke da janareta zai iya ba da ɗan lungu saboda Allah. Wadda aka buɗe kuwa takan yi kimanin mako huɗu in an kiyaye ta daga rana da zafin mota. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka buga a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dadab a Kenya, ya nuna insulin bai rasa ƙarfinsa ba tsawon mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana ƙara sanyi, ko da yake ta fi aiki a busasshiyar iskar Arewa a kan danshin bakin teku.

Azumi ma yana bukatar shiri. Kowane mai ciwon ya ga likita tun cikin Sha'aban domin a gyara masa lokacin magani. Awon sukari ba ya karya azumi a wurin malaman da suka yi nazarin al'amarin tare da likitoci, kuma sun daidaita a kan cewa wanda awonsa ya faɗi ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa nan take. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, bai kamata surutun majalisa ya ƙwace masa shi ba. Matan zango kuwa, waɗanda ba sa zaman ƙofar masallaci, su ne aka fi mantawa. A kai awon makarantun Islamiyya, a kuma tabbata an auna kowace mai ciki, domin akwai nau'in cutar da ke bayyana da juna biyu.

Gwamnati tana da nata kaso. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma ba ta keɓe kuɗin domin lafiya ba; adalci shi ne a mai da su kan awo da insulin. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Jihar Ikko tana da nata shiri, Ilera Eko, wanda na mazauna jihar ne, ba na 'yan asalinta kaɗai ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su nemi jami'an irin waɗannan shirye-shirye su zo zango da takardun rajista da tafinta, su kuma bayyana dalla-dalla wane maganin sukari ne ke ciki, wane ne babu. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, kuma asibitoci da ƙungiyoyi da dama sukan yi awo kyauta a cikinta. Wasiƙa guda daga fadar Sarkin Hausawa, in an aika da wuri, ta isa ta kawo teburin awon ƙofar masallacin Juma'a.