Sunan Iri Ba Ya Shayar da Latas

Duk wanda ya kafa tankin kifi a garejin gidansa a Amurka, da nufin ruwan kifin ya shayar da latas da tumatir, tambayar farko da masu sayar da 'ya'yan kifi ke tarbarsa da ita ita ce: wane iri kake so? Tambayar ba ta da aibu. Aibun yana ga yadda aka mai da ita tamkar ita kaɗai ce sana'ar, har sabon shiga ya kashe kuɗin jirgi ya ɗauko kifi daga wata jiha mai nisa saboda suna kawai.

Kifin da ake magana a kansa shi ne bulugil, ɗan asalin koguna da tafkunan gabashin Amurka ta Arewa, mai faɗin jiki kamar karfasa. Masu wannan noma, da ake kira akwafoniks, suna komawa gare shi ne domin karfasa ba ta jure sanyi: ruwa na sauka ƙasa da digiri 10 sai ta fara mutuwa, wasu jihohin kuma sun taƙaita kiwonta. Bulugil kuwa yakan yi hunturu har a ƙarƙashin ƙanƙara.

Iri uku ke kasuwa. Akwai na arewa. Akwai kofanos, ɗan Fulorida da kudu maso gabas, wanda manyan mazansa ke da zanen jan ƙarfe a goshi. Yana saurin girma a ruwa mai ɗumi, amma sanyin arewa yana wahalar da shi. Sai barbarar yanyawa, wadda ake samu idan aka haɗa namijin bulugil da macen wani danginsa mai launin kore. A kan wannan na ukun ne talla ta fi zaƙewa, da sunayen kasuwa masu ƙamshin ƙattai da hotunan kifin da ya cika hannu biyu. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne, irin wannan kifi a kududdufi mai faɗi ya girma, cikin shekaru. Bulugil mafi nauyi da aka taɓa rubutawa, mai kilo 2 da ɗoriya, a tafkin Ketona na Alabama aka kama shi a 1950. Ba a tankin lita 1,000 ba.

A akwafoniks abincin kifi shi ne takin shuka. Kifi ya ci, ya fitar da ammoniya, ƙwayoyin bakteriya su mai da ita naitiret, saiwar latas ta tsotse, ruwa ya koma tanki a tace. Idan kifin ya ƙi ci, wannan sarƙa ta tsinke tun daga zoben farko. Bulugil ɗin da ya tashi yana farautar ƙwari a kududdufi yakan ƙaurace wa dunƙulallen abincin buhu, abincin ya nutse ya ruɓe, ruwa ya ɓaci, ganye ya yi rawaya. Saboda haka tambayar da ta kamata ta zo da farko ita ce ko an horar da 'ya'yan kifin su ci abincin buhu. Amsarta ba ta cikin takardar talla. Mai saye ya tsaya a bakin ruwa, a watsa abinci, ya gani da idonsa, abin da ba zai yiwu ba ga wanda ya yi odar kifi daga nisan kilomita dubbai.

A yi wa barbarar yanyawa adalci: tana da haɗama, bakinta ya fi faɗi, kuma galibin 'ya'yanta maza ne, sau da yawa fiye da kashi 80 cikin 100, maza kuwa sun fi mata girma. Amma ko ita ba ta sauya halin bulugil a tanki, inda manya ke danne ƙanana a wajen ci, sai an riƙa tantance su ana rabawa, kuma a jira fiye da shekara kafin su isa faranti. Sannan ba juya ba ce, ko da yake masu saye da yawa haka suke zato. Tana haihuwa, jikokin kuma sukan fito tsumburarru.

Nan ne maganar ta wuce aljihun mutum ɗaya. Wanda tankinsa ya cika da tsumburarrun kifi yakan ji tausayin kashe su, ya ɗauki bokiti ya nufi rafi mafi kusa. Japan ta san inda irin wannan ke kaiwa. A 1960 magajin garin Shikago, Richard Daley, ya ba Yarima Akihito kyautar bulugil, shi kuma ya miƙa su ga masu binciken kiwon kifi da fatan su zama abinci. Kifin ya bazu a ruwayen ƙasar, ya mamaye tafkin Biwa, yana cinye ƙwai da 'ya'yan kifin gida. A 2005 doka ta haramta shigo da shi, kiwonsa da sakinsa. A 2007 Akihito, yana sarki a lokacin, ya tsaya a gaban taro kusa da tafkin ya ce abin yana yi masa ciwo a rai.