Tiyatar Ƙofar Zuciya: A Yi Zancen Haihuwa Tun Kafin A Zaɓi Aiki



A ɗakin awo mukan ga mace da cikin wata shida tana haki, ko shara ba ta iya gamawa, da dare sai ta jingina da filo uku kafin ta samu barci. A gida a ce nauyin ciki ne, alhali wani lokaci ƙofar zuciyarta ce ta tsuke.

Zuciya tana da ƙofofi 4 masu hana jini komawa baya. Ciwon maƙogwaro da aka yi sakaci da shi a yarinta yana iya jawo zazzaɓi mai taɓa gaɓoɓi da zuciya, ya bar tabo a ƙofar ɓangaren hagu da likitoci ke kira mitiral. Idan ciki ya shiga, jinin jiki yakan ƙaru da kusan rabi, sai matsatsiyar ƙofar ta kasa ɗauka.

Uwargida, idan hoton zuciya ya nuna sai an yi miki aiki, hanyoyin sun bambanta. Akwai buɗe ƙofar da balan-balan, dabarar da likita Kanji Inoue na Japan ya bayyana a 1984. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, ba a tsaga ƙirji, kuma idan ta kama ana yin sa ko da ciki, yawanci bayan mako 20. Amma sai ƙofar da ba ta ƙandare ba, ba ta kuma yoyo sosai. Akwai buɗe ƙirji a gyara miki taki ƙofar. Idan ta wuce gyara, sai a canza ta da ta ƙarfe ko ta naman dabba.

Iyalai da yawa sun fi son ta ƙarfe, saboda tana daɗewa, kuma kuɗin tiyata ba abin da za a so a biya sau biyu ba ne. Suna da hujja. Sai dai mai ƙofar ƙarfe za ta sha maganin tsinka jini, wato wafarin, har ƙarshen rayuwarta, tare da gwajin jini a kai a kai. Wafarin yana ratsa mabiyiya, yana iya taɓa ƙashi da hancin jariri, musamman daga mako 6 zuwa 12. Idan kuwa aka bar shi, jini na iya daskarewa ya toshe ƙofar, a rasa uwar. Ta nama galibi ba ta buƙatar wafarin na dindindin, amma takan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, ko ƙasa da haka ga matashiya, sai a sake aiki. Masu ƙyamar ta alade su sani akwai ta saniya.

A ganina, duk macen da ke son haihuwa, a fara tambayar likita ko balan-balan ko gyara zai yiwu, kuma a yi aikin kafin a ɗauki ciki, domin buɗe ƙirji da ciki yana da haɗari babba ga jariri. Idan canji ya zama dole, kada maigida da dangi su yanke shawara a bayan idonta. Ita za ta sha maganin, ita za ta ɗauki cikin. Ta faɗa wa likita da bakinta ko tana son ƙarin haihuwa, da nisan garinsu daga inda ake gwajin jini.

Ke kuma da ke da ƙofar ƙarfe, kada ki daina wafarin da kanki. Da zarar kin yi ɓatan wata, ki zo asibiti a tsara miki maganin. Allurar fenisilin da aka ɗora ki a kai ki ci gaba da ita, ba ta cutar da ciki. Ki haihu a asibiti. Bayan haihuwa wafarin ba ya hana ki shayar da jaririnki.

Allah ya sauke ku lafiya.