Rigimar 'yan fim: daga ƙaramar magana zuwa gaban alƙali

A industiri, da wuya faɗa ya tsaya tsakanin mutum biyun da suka fara shi. Kowane babban jarumi yana da yaransa, kowane yaro kuma so yake maigida ya san da zamansa. To, hanya mafi sauƙi ita ce kai rahoto: "Oga, ka ji abin da wane ya ce a lokeshan?" Maganar da aka yi cikin raha, kafin ta iso an zuba mata gishiri da yaji.

Masu bibiyar harkar ba su manta da 2019 ba, lokacin da aka samu saɓani tsakanin Ali Nuhu da Adam A. Zango. Zango ya fito a Instagram yana kukan cewa yaran Ali na zagin sa har da mahaifiyarsa, kuma ba a tsawata masu ba. Shi kuwa Ali ya ga an ɓata masa suna, sai ya garzaya kotu a Kano. 'Yan kallo suka rabu gida biyu, waɗanda ko gaisawa ba su taɓa yi da jaruman ba suka fi kowa zaƙewa. Sai da manya suka shiga tsakani sannan aka sasanta.

Abin lura shi ne, da zarar magana ta fita bainar jama'a, ba a kuma neman gaskiya, kare girma ake yi. Wanda ya sassauto, magoya bayansa za su ce ya ji tsoro. Idan kuma aka taɓo iyaye, shi ke nan, an wuce wurin. Daga nan sai tone-tone: kuɗin aikin bara, sunan da aka sa a ƙasan fosta, gaisuwar da ba a amsa ba ranar biki.

Alhali da tun farko ɗaya ya je gidan ɗaya, ya bar yaransa a mota, ya tambaya, "Wai da gaske ka faɗi haka?", sau da yawa a nan za a gano ƙarin da ɗan aike ya yi. A tsaya kan magana guda, ban da "dama kullum haka kake". Kuma ba a lokeshan ba, ƙarfe biyun dare, kowa da yunwa ga furodusa na ƙorafin kuɗin janareto. In abin ya gagara, a nemo dattijon da duka biyun ke jin nauyinsa, wanda ba ya jiran ɗayansu ya sa shi a fim.