Yawon buɗe ido da jirgi mai saukar ungulu: zafi na rage fasinja, nisa na jinkirta ceto

A watan Yulin 2024, zafi ya kai digiri 53 a Kwarin Mutuwa da ke jihar Kaliforniya ta Amurka. Wani mai yawon buɗe ido a kan babur ya rasu saboda zafin, kuma jiragen ceto masu saukar ungulu ba su iya tashi ba. Hukumar gandun ta ce idan zafi ya haura digiri 49, tashinsu na da haɗari.

Dalilin yana cikin iska. Idan ta yi zafi sai ta saki, farfela ta rasa abin kamawa, injin ma ƙarfinsa ya ragu. A lissafin matuƙa, kowane digiri ɗaya sama da 15 a gaɓar teku tamkar an ɗaga filin tashi ne da mita 36. Ke nan a rana mai digiri 45, irin wadda mutanen Tawa suka sani a watan Afrilu, jirgin da ke ƙasa yana wahala kamar wanda ke kan dutse mai tsayin mita 1,000 da ɗoriya.

Nan ne lissafin kuɗi ke shigowa. Jirgin da zai ɗauki mutum shida da safe, da azahar sai an rage fasinja ko an rage mai. Kujerar da ta tashi ba kowa asara ce ga kamfani. Rage mai kuwa a dajin da babu wurin ƙarawa kasada ce da rayuka. Matuƙi ne ke tsakiya, ga baƙi sun biya kuɗi suna jira, ga ma'aunin zafi yana hawa.

Nisa ma matsala ce mai zaman kanta, ko ba a lokacin zafi ba. Ranar 10 ga Fabrairun 2018, jirgin kamfanin Papillon ya faɗi yayin sauka cikin kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, ya kama da wuta. Masu bincike sun ɗora laifin a kan iskar da ta fi ƙarfin ƙaramar farfelar wutsiya. Waɗanda suka jikkata sun shafe kusan awa takwas kafin a fito da su, don wurin ba ya shiguwa da mota, iska kuma ta hana jiragen ceto aiki. Ƴan Birtaniya biyar suka mutu, biyu daga cikinsu a asibiti sakamakon ƙuna.

Abin takaicin shi ne tankin man jirgin ba irin wanda ke jure faɗuwa ba ne, alhali fasahar ta daɗe da samuwa. A shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta wajabta irin wannan tanki, amma ga jiragen da za a ƙera nan gaba kawai. Tsofaffin da ke jigilar baƙi an bar wa masu su zaɓi.