Gidan Sarki Ya Zama Na Kowa

Yara, a birnin Xi'an na ƙasar Sin, sarakunan da suna da wani lambu na shan iska. Zamani ya juya, lambun ya ɓace. A 2005 aka buɗe sabo, an kwaikwayi tsohon, yanzu talaka ma yana shiga.

Mu ma a Kabi muna da irin wannan wuri, namu kuwa ba kwaikwayo ba ne. A Argungu akwai tsohon gidan sarki. Sarki ya tashi daga cikinsa a 1942, aka mai da shi Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Can za ku ga takubba da masu da tambura, da kaburburan sarakuna.

Waɗansu suna cewa gyaran tsohon gini ɓarnar kuɗi ce, gara a gina aji. Aji yana da amfani ƙwarai, amma in ya rushe a kan gina wani. Takobin kakanninmu fa, in ya ɓace, ina za mu samo shi?

Ku 'yan Bahindi, ku roƙi malaminku ya kai ku Argungu. Gani ya kori ji.