Littafin Takarda Ko Na Waya: Wanne Mai Koyon Sana'a Zai Fara Saya?

A hutun da ya wuce, wani tsohon ɗalibina ya kawo mini ziyara. Shekara biyu ke nan da ya gama sakandare, yanzu yana koyon yankan makulli da gyaran kwaɗo a wata rumfa kusa da kasuwar Kafanchan. Bayan mun gaisa, sai ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Akwai wani babban littafi na sana'armu. Ana sayar da shi bugagge, ana kuma sayar da shi a matsayin manhajar da ake sa wa a waya. Kuɗin da na tara ba za su sayi biyun ba. Wanne zan saya?"

Ni malamin harshe ne, ban taɓa yanka makulli ba. Amma na daɗe ina amfani da littattafan da ba a karanta su daga farko zuwa ƙarshe, sai dai a duba su idan buƙata ta taso, kamar ƙamus. Saboda haka na ce ya ba ni kwana biyu. Na je rumfar tasu, na zauna ina kallon aiki, na kuma duba tsohon littafin ubangidansa. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: mai koyo ya fara sayen littafin takarda, ya bar na waya sai hannunsa ya faɗa. Ga dalilaina.

Da farko, ilimin da ke cikin irin wannan littafi iri biyu ne. Akwai wanda ba ya tsufa, akwai kuma wanda ke canzawa kowace shekara. Wanda ba ya tsufa shi ne sanin yadda kwaɗo da kuba suke aiki. A cikin yawancinsu akwai wasu 'yan ƙananan sanduna na ƙarfe, sau da yawa guda biyar, kowane da tsawonsa. Su ne suke hana cikin kwaɗon juyawa. Idan aka zura makullin da ya dace, haƙoransa sukan ɗaga kowane sanda daidai inda ya kamata, sai kwaɗon ya buɗe. Wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ne ya yi rajistar wannan tsari a 1861 da 1865. Fiye da shekara 150 ke nan, amma har yau haka akasarin kwaɗunan shagunan Kafanchan da Zonkwa da Kwoi suke aiki. Wannan shi ne abin da mai koyo ya fi buƙata, kuma littafin da aka buga shekara goma da suka wuce zai koya masa shi sarai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dalili na biyu na gan shi da idona. Kamfanonin da ke ƙera makullan da ba a yanka ba, irin su Silca na ƙasar Italiya, sukan buga littattafai masu ɗauke da zanen makullai iri-iri, kowanne da lambarsa. Galibi akan zana makulli daidai da girmansa na gaskiya. Ina zaune wata mata ta kawo makullin shagonta a yanka mata wani. Ubangidan ya buɗe littafi, ya ɗora makullin a kan zane, ya ga bai hau ba, ya matsa zuwa na gaba. A zane na uku makullin ya rufe zanen ruf. A waya kuwa hoto ba shi da tsayayyen girma. Yatsa biyu sun isa su faɗaɗa shi ko su ƙanƙance shi. Gwani yana iya gane makulli da kallo ɗaya, amma mai koyo yana buƙatar gwadawa. Idan ya yi kuskure, ya ɓata makulli, ya yi asarar kuɗi, mai shago kuma ba za ta sake dawowa ba.

Dalili na uku shi ne halin da muke ciki. Littafin waya yana buƙatar caji, wani lokaci har da intanet. A watan Oktoba na 2024, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Kafin nan, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Wanda makullin ɗakinsa ya karye ba zai jira a kawo wuta ba. Ko injin yanka ya tsaya, ana iya gyara makulli da magagari, muddin akwai hasken rana da littafi a buɗe. Bugu da ƙari, littafin takarda sau ɗaya ake sayensa. Manhajoji da yawa kuwa haya ake yi: ranar da mutum ya kasa biyan kuɗin shekara, sai a rufe masa. Haka nan idan waya ta ɓata ko aka sace ta, aiki ya tsaya cik.

Sai dai adalci ne a saurari masu goyon bayan waya, domin hujjojinsu masu ƙarfi ne. Sukan ce neman lamba ɗaya cikin dubbai yana ɗaukar lokaci a takarda, alhali a waya ƙiftawa da bismilla ne. Gaskiya ne. Sukan ce takarda tana da abokan gaba. Wannan ma gaskiya ne, musamman a ƙasarmu mai yawan ruwan sama, inda danshi da gara ba sa raga wa littafi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta makullan mota. Tun daga shekarun 1990, motoci da yawa suna zuwa da makulli mai ɗan guntun na'ura a cikinsa, wanda idan motar ba ta gane shi ba, injinta ba zai tashi ba. Kowace shekara sababbin samfura suna fitowa. Littafin takarda ba zai iya bin wannan gudu ba, domin kafin a gama buga shi wani abu ya canza. Duk mai son aikin makullan mota, dole ne wata rana ya koma ga waya ko kwamfuta.

To, ashe ba su kayar da ni ba? A'a, domin tambayar ɗalibina ba ita ce wanne ya fi ba. Tambayarsa ita ce wanne zai fara saya. A nan ne aikina na koyarwa ya haska mini hanya. Ƙamusun Bargery na Hausa da Turanci an buga shi a 1934, yanzu kuma yana intanet. Ina amfani da shi a waya, yana kuma taimaka mini ƙwarai. Amma na lura da bambanci tsakanin ɗalibaina. Wanda ya nemi kalma a waya, ita kaɗai yake samu. Wanda ya buɗe ƙamus na takarda don neman "makulli", idonsa yakan faɗa kan "makaranta" da "makwabci", ya ga duk da "ma-" suka fara, har ya soma tambayar dalili. Waya tana amsa tambayar da mutum ya yi. Mai koyo kuwa bai riga ya san tambayoyin da zai yi ba, shi ya sa yake buƙatar littafin da zai riƙa jujjuya shafukansa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Da yaron ya dawo, sai na ce masa, "Ɗana, sayi na takarda. Ka sa shi cikin leda, ka ajiye shi a bisa kanta, nesa da ƙasa. Ka riƙa rubuta abin da ubangidanka ya koya maka a gefen shafi. Ranar da ka fara gane makulli ba tare da ka duba ba, ka tara kuɗin na waya." Ya yi godiya ya tafi.

Kai ma ɗalibi, ko ɗinki za ka koya, ko gyaran babur, ko aikin jinya, wannan zaɓi zai zo gabanka. Kafin ka fitar da kuɗinka, ka tambayi kanka abu biyu. Ilimin da nake nema mai tsufa ne ko marar tsufa? Kuma a ranar da babu wuta, zan iya kaiwa gare shi?

Ma'anar Kalmomi

kuba: abin kulle ƙofa wanda ake kafawa a jikinta
magagari: ƙarfe mai kaushi da ake goge wani ƙarfe da shi
manhaja: tsarin aiki da ake sa wa a waya ko kwamfuta
hannunsa ya faɗa: ya ƙware

Tambayoyi

1. Waɗanne iri biyu na ilimi marubucin ya ambata?
2. Me ya sa zanen makulli a takarda ya fi amfani ga mai koyo?
3. Wace hujja ce mafi ƙarfi ta masu goyon bayan waya?
4. Bayyana ma'anar "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."
5. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Rubuta dalilanka cikin sakin layi biyu.